Batirin waya a Gidan Katta: Zafi, raunin sabis da jabun kaya sun taru a kan talaka

Duk wanda ya san yadda harka ke tafiya a Gidan Katta da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato, ya san cewa waya ta wuce abin ado. Da ita ɗan kasuwa ke jin farashin albasa da wake kafin ya ɗora buhu a mota. Da ita dillalin dabbobi ke tura wa mai saye bidiyon sa ko rago kafin kasuwar Illela ta ci ranar Lahadi. Da ita ake jiran alat bayan an yi ciniki, da ita kuma ake kiran 'yan uwa da ke Birnin Konni a tsallaken iyaka. A yankin da matsalar tsaro ta hana mutane barci da ido biyu, da ita ake sanar da maƙwabta idan an ga abin da ba a yarda da shi ba.

Duk wannan ya rataya ne a kan abu ɗaya da ba a ganin sa, wato batir. Ranar da ya gaza, ciniki ya tsaya, kuɗi sun maƙale a asusu, kira kuma ba ya shiga. Shi ya sa koken da ake yawan ji a majalisu da shagunan caji, cewa waya ba ta riƙe caji, bai kamata a ɗauke shi ƙaramin abu ba. Magana ce ta abinci, wani lokacin ma ta rai.

Abin da aka saba yi shi ne a ɗora wa mai waya laifi, a ce ya cika kallon TikTok. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Mutumin bakin iyaka yana amfani da waya a yanayin da ya fi ko'ina wahalar da batir, sannan idan batirin ya mutu, sai ya faɗa kasuwar da babu mai tsaya masa a cikinta. Waɗannan abubuwa biyu ne ya kamata a duba.

Batir yana tsufa, ko da an lallaɓa shi

Kusan duk wayoyin zamani suna aiki ne da batirin lithium, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Masana uku da suka share fagen ƙirƙirar sa, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun samu kyautar Nobel a 2019. Batirin ba shi da nauyi kuma yana ɗaukar wuta da yawa, amma yana da iyaka. Duk lokacin da aka cika shi aka shanye, wani abu kaɗan na raguwa daga ƙarfinsa, kuma abin da ya ragu ba ya dawowa.

Kamfanin Apple ya bayyana cewa an ƙera batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta ne domin ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken zagaye 500 na caji, na iPhone 15 kuma bayan zagaye 1,000. Zagaye ɗaya shi ne a shanye abin da ya kai cikakken batir, ko a rana ɗaya ko a kwana biyu. Lissafin ba shi da wuya. Wanda ke shanye batirinsa sau ɗaya kullum zai cika zagaye 500 cikin shekara ɗaya da wata huɗu da 'yan kwanaki. Wanda ke yin haka sau biyu a rana, wata takwas da ɗoriya sun ishe shi. Batirin da aka rubuta 5,000 mAh a jikinsa, idan ya sauko zuwa kashi 80, ya koma 4,000 ke nan, ko da allon waya na nuna ya cika 100.

Wannan lissafi kuwa an yi shi ne a kan yanayi mai kyau. A nan ne matsalar Gidan Katta take farawa.

Abubuwa uku da ke cin batir a bakin iyaka

Na farko shi ne zafi. Apple ɗin dai ya ce wayarsa ta fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 16 zuwa 22 a ma'aunin Salshiyas, ya kuma yi gargaɗin cewa zafin da ya haura digiri 35 na iya yi wa batir illar da ba ta gyaruwa. A Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, zafi na wuce digiri 40 da rana. Waya a aljihun ɗan acaɓa, ko a gaban mota kusa da gilashi, ko a kan tebur ƙarƙashin rufin kwano, ta fi iskar waje zafi. Idan aka jona ta a caji a wannan hali, an haɗa mata zafi biyu, domin caji da kansa yana ɗumama batir. Hasken rana kuma na tilasta wa mutum ƙure hasken allo, alhali allo na cikin abubuwan da suka fi shan caji.

Na biyu shi ne raunin sabis. Waya kullum magana take yi da turken sadarwa. Idan turken na kusa, raɗa ta ishe ta. Idan ya yi nisa, sai ta ƙara ƙarfi, ƙarfin kuma daga batir yake fitowa. A ƙauyukan da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, waya kan wuni tana lalube ko da tana aljihu. A bakin iyaka abin ya ƙaru, domin mutane da yawa na riƙe da layi biyu, ɗaya na Najeriya kamar MTN ko Airtel, ɗaya na Nijar kamar Moov ko Zamani. Kowane layi na neman turkensa, kuma idan ɗaya ya rasa, ba ya daina nema. Shi ya sa wayar da ke kai wa dare a cikin birnin Sakkwato za ta iya mutuwa kafin La'asar a ƙauye, alhali batirin bai canza ba.

Na uku shi ne yadda ake cajin. Inda wutar NEPA ba ta da tabbas, jama'a sun dogara da shagunan caji, masu inji da masu sola. Masu waɗannan shaguna suna taimakon al'umma, babu mai musun haka. Sai dai sau da yawa ana jibge wayoyi a kan juna a wuri mai zafi, ana kuma jona su da duk cajar da ta samu. Caja mai kyau tana daidaita wutar da ke shiga waya ko da inji na hawa da sauka. Cajar jabu ba ta da wannan kariya yadda ya kamata. Ga kuma tilas: wanda ya biya kuɗin caji ba zai so a cire masa waya kafin ta cika ba, kuma ba zai dawo ba sai ta mutu murus. Daga 100 zuwa sifili kullum kuwa shi ne abin da batirin lithium ya fi ƙi.

Kafin a zargi batir

Ba duk wayar da ke shan caji ba ce batirinta ya lalace, kuma mutane da dama sun biya kuɗin sabon batir ba tare da matsalarsu ta kau ba. Akwai abubuwan da kowa zai iya gwadawa kyauta.

A shiga saitin waya, sashen batir, a duba manhajar da ta fi shan caji. A rage hasken allo idan an shiga inuwa. A kashe Bluetooth da manunin wuri da raba data idan ba a amfani da su. A hana WhatsApp sauke hotuna da bidiyo da kansa, domin guruf-guruf na cinye data da caji a lokaci guda. Layin da ba shi da sabis a inda mutum yake, a kashe shi daga saiti har sai an buƙace shi. Idan an shiga dajin da babu sabis kwata-kwata, a sa wayar a yanayin jirgin sama. Manhajojin da ke alƙawarin sanyaya waya ko ninka batir kuwa, yawancinsu talla suke ɗorawa, su ma suna shan nasu cajin.

A duba caja da igiyarta ta hanyar gwada wata. A duba bakin caji, domin ƙurar hunturu kan cushe shi har waya ta riƙa caji tana yankewa. A cire rigar waya lokacin caji, a ajiye ta a inuwa, kada a sa ta ƙarƙashin matashi. Idan da hali, a jona ta tun tana kusan kashi 20, a cire ta a wajen kashi 80 zuwa 90. Maganar cewa sai batir ya mutu sannan a yi caji, ko sai sabuwar waya ta kwana a wuta, ta samo asali ne daga tsofaffin batura na da, ba ta shafi na lithium ba.

Alamomin da ke nuna batirin ne da kansa daban suke. Waya na mutuwa alhali tana nuna kashi 30. Lamba na faɗowa daga 60 zuwa 20 cikin 'yan mintuna. Waya na zafi ba a taɓa ta ba. Mafi muni, bayanta ya kumbura ko allo ya fara ɗagowa. Kumburi iska ce da ke taruwa a cikin batir saboda sinadaransa sun lalace. Wayar da ta kai nan, a daina cajin ta nan take. Kada a danne batirin, kada a huda shi da allura don iskar ta fita, domin yana iya kamawa da wuta. Ba ƙaramin abu ba ne ya sa Samsung ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya a 2016, bayan baturanta sun riƙa kamawa da wuta.

Kasuwar da mai saye ba shi da gata

A zamanin ƙananan Nokia, mutum na buɗe bayan waya da farce ya sa sabon batir. Yanzu an manne batir da gam a cikin waya, dole sai an je wurin mai gyara. Mutumin Gidan Katta na da zaɓi kaɗan, kowanne da nasa tsada.

Mafi aminci shi ne cibiyar gyara ta kamfanin da ya ƙera wayar. Tecno da Infinix da itel, waɗanda suka cika hannun jama'a a Arewa, duk na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, kuma Carlcare ce ke kula da gyaransu. Amma irin waɗannan cibiyoyi a manyan birane suke. Daga Illela zuwa Sakkwato kimanin kilomita 80 ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya zama abin lissafi, ga asarar yinin aiki.

Saboda haka yawancin mutane wurin mai gyaran gari suke zuwa. A cikin masu gyaran nan akwai matasa masu hannu da amana, waɗanda suka koyi sana'ar da guminsu. Matsalar ba hannunsu ba ce kaɗai, kayan da ke iso musu ne. Batir kan ratso hannaye da yawa, daga manyan kasuwanni irin su Computer Village a Ikeja da Farm Centre a Kano, kafin ya iso bakin iyaka. A hanya, na asali da na jabu sun gauraya, kwalinsu iri ɗaya, tambarinsu iri ɗaya. Akwai wanda aka rubuta masa ƙarfin da ba shi da shi. Akwai wanda aka ciro daga matacciyar waya aka sake masa riga. Akwai na asali da ya daɗe a shago cikin zafi har ya tsufa ba a taɓa amfani da shi ba. Faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023 ta sa kayan waje sun yi tsada, mai saye na neman na araha, mai sayarwa kuma na kawo abin da za a iya saya. Araha dai ba ta ado.

Masu sayen iPhone ta hannu su ma su yi hattara. Lambar lafiyar batir da wayar ke nunawa ba hujja ba ce ko da yaushe, domin akwai na'urorin da ake amfani da su a mayar da ita 100.

Wanda zai canza batir ya kiyaye abubuwa kaɗan. Ya tabbatar lambar samfurin batirin ta yi daidai da ta wanda aka cire. Ya duba ranar da aka ƙera shi. Ya nemi a yi aikin a gabansa, a nuna masa tsohon. Ya nemi garanti a rubuce, ko da a 'yar takarda ce mai kwanan wata da sa hannu. Ya cire layukansa, kada ya bar lambar sirrinsa a hannun kowa, domin wayar da ke ɗauke da manhajar banki jakar kuɗi ce. Mai gyaran da ya ƙi ba da garanti ko na mako biyu, ya riga ya faɗi ra'ayinsa a kan kayan da yake sayarwa.

Fawa bank na taimakawa, amma ba ta warkar da batirin da ya mutu. A kuma san cewa wadda aka rubuta wa 10,000 mAh ba za ta cika waya mai 5,000 sau biyu ba, domin wani kaso na wutar na salwanta wajen juya ta da kuma zafi. 'Yar ƙarama marar nauyi da aka rubuta wa 50,000 kuwa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ga ɗan kasuwa da matafiyi, ƙaramar waya mai madannai da ke kwanaki ba caji har yanzu ita ce madogara mafi arha.

Abin da wasu suka yi

Wannan matsala ba a Najeriya kaɗai take ba, amma a wasu wurare hukuma ta tsaya wa jama'arta. A Disambar 2017, Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin iPhone masu raunin batir. Bayan kukan jama'a, ya rage kuɗin canza batir daga dala 79 zuwa dala 29 a shekarar 2018, kuma a Fabrairun 2020 Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 saboda bai sanar da masu wayoyin ba. Tarayyar Turai ta ƙara gaba. Daga 20 ga Yunin 2025, wayar da za a shigar kasuwarta sai batirinta ya jure zagaye 800 yana riƙe da kashi 80 na ƙarfinsa, kuma sai kamfani ya ci gaba da samar da kayan gyara har shekara bakwai bayan ya daina sayar da samfurin.

Idan mutumin Turai da ke cikin sanyi da wuta ba yankewa ya cancanci wannan kariya, mutumin Illela ya fi shi buƙata. Abin takaici ma, Najeriya na da ma'adinin lithium a ƙasarta, har an buɗe masana'antar sarrafa shi a jihar Nasarawa a Mayun 2024, amma ɗan ƙasa bai da tabbacin batirin da ya saya da kuɗinsa.

Wa ke da alhaki?

Ba dokoki aka rasa ba. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kayan da ke shigowa ƙasa. Hukumar NCC ce ke amincewa da samfuran wayoyi da kuma sa ido kan ingancin sabis. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin mayar da kayan da suka zo da aibi. Tun kafin wannan doka ma, malaman fiƙihu sun karantar da cewa ɓoye aibin haja algus ne, kuma mai saye na da zaɓin mayarwa idan ya gano. A ƙasar Shehu, wannan ba baƙon karatu ba ne.

Abin da ya rage shi ne aiki. SON da hukumar kwastan su tare jabun batura da caja a tashoshin da suke shigowa da manyan kasuwannin da ake rarraba su. Kama ƙaramin mai gyara a Illela, wanda shi ma sayowa ya yi, ba zai rage komai ba. FCCPC ta yi wa jama'a bayanin haƙƙinsu da Hausa, a rediyo, inda za su ji. A Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100, da sharaɗin inganta aiki. Ƙauyukan bakin iyaka na biyan wannan ƙari kamar kowa, don haka suna da haƙƙin ganin turakun da ke aiki. Sabis mai ƙarfi shi kansa tanadin batir ne.

Kamfanonin da suka samu kasuwa mai yawa a Arewa su ma da sauran aiki a gabansu. Ba lalle sai sun gina cibiya a kowane gari ba. Za su iya horar da masu gyaran da ke nan, su ba su shaida, su riƙa sayar musu da batir na asali kai-tsaye, ko su riƙa kawo tawagar gyara ranar kasuwa. Ƙungiyoyin masu sayar da waya da masu gyara su sa wa kansu ƙa'ida: a faɗa wa mai saye gaskiyar darajar batir, a ba shi rasit, a hukunta wanda ya yi algus. Masu shagon caji su baza wayoyi a inuwa maimakon jibge su, su watsar da cajar da ke zafi, su ajiye bokitin yashi kusa saboda tsautsayi.

Akwai kuma tsohon batir. Yau a bola yake ƙarewa, inda yara ke tsince shi su yi wasa, ko a cinna wa sharar wuta yana ciki ya fashe. Hukumar NESREA ce ke da alhakin sharar kayan lantarki, kuma ya kamata ƙaramar hukumar Illela ta haɗa kai da masu gyara a samu wuri ɗaya da za a riƙa tara matattun batura har a kwashe su.

Mutanen wannan yanki sun ga rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sun sake ganin wani bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Sun ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, wanda ya tura har masu ƙaramin jari ga taransifa. A duk waɗannan lokuta waya ce ta riƙe ciniki da zumunci. Gwamnatin da ke son jama'a su koma hada-hadar kuɗi ta waya, dole ta damu da ko wayar za ta kai yamma a kunne. Kafin hukumomi su motsa, mai waya ya raba ta da rana, ya sayi caja mai kyau, kuma kada ya miƙa kuɗin batir sai an ba shi garanti a rubuce.